Yadda za ka kai ga yin danki a ƙwallon kwando, tun daga awon zobe

Kusan duk yammacin da na je fili sai wani yaro ya tare ni da tambayar nan, "Yaya, wai ni ya zan yi in fara danki?" Danki shi ne ka yi tsalle ka cusa ƙwallo cikin zoben kwando daga sama da hannu. Galibi bidiyon 'yan wasan Amurka irin su Ja Morant ko Mac McClung ne suka gani a TikTok da daddare, gari na wayewa sai a zo a dinga dirka gwiwa a kan siminti, tsalle ɗari, tsalle ɗari biyu, bayan wata guda ka ga yaro na ɗingishi ya naɗe gwiwa da bandeji yana cewa sanyi ne ya kama shi. Abin na damuna ƙwarai don ni ma ta nan na bi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maku abin da na sani tiryan-tiryan. Tsawona mita 1.83 ne, ban kau danƙara ƙwallo a zobe na gaskiya ba sai ina ɗan shekara 24, bayan shekara biyu da wata huɗu ina bin abin da awo da littafi.

Abu na farko ba tsalle ba ne, awon zobe ne. Je ka ari tef ɗin birkila, irin mai mita 5 ɗin nan, ka samu tsani ko benci ka auna daga ƙasa zuwa saman ƙarfen zoben. Ƙa'ida a duk duniya mita 3.05 ne, wato ƙafa 10 cif. Yawancin zobunan da muke wasa da su a unguwannin Katsina mai walda ne ya haɗa, aka kafa da ido, wani ya sunkuya saboda yara na lilo da shi, wani kuma an ƙara siminti a ƙasa filin ya taso. Na filin unguwarmu da na auna mita 2.93 na samu. Kafin nan na yi wata da watanni ina cusa ƙwallo a cikinshi ana yi mani ihu, sai da muka je wasa Zariya na yi tsalle iya ƙarfina yatsata ta tsakiya ce kawai ta shafi ƙarfen. Santimita 12 a baki ba komai ba ce, amma a tsalle aikin shekara guda ne ga wani. Gajeren zobe ba abin yarwa ba ne, zai yi maka amfani nan gaba, kawai dai ka san da me kake awo.

Sai ka auna kanka. Shafa alli a kan yatsunka, ka tsaya jikin bango da takalmin da kake wasa da shi, dunduniya a ƙasa, ka miƙa hannu ɗaya iya miƙewa ka taɓa. Wannan lamba ta farko kenan. Sannan ka ja baya, ka taho da gudu kamar za ka yi dankin, ka yi tsalle ka mari allon kwando ko bango, sau uku zuwa biyar, ka ɗauki mafi tsawo. Lissafin mai sauƙi ne. Taɓa zobe ba ya wadatarwa, dole hannunka ya wuce shi da kamar santimita 15 kafin ka iya tura ƙwallo ƙasa, kenan abin da kake nema shi ne alli ya kai 3.20. Ni miƙewata a tsaye 2.41 ce, kenan ina buƙatar tsallen santimita 79, ranar da na fara awo kuma 58 nake yi. Giɓin 21 ne. Na rubuta 21 ɗin nan a bangon littafi, shi na dinga ci a hankali kamar gara. Kada ka dinga awo kullum, zai karya maka zuciya, sau ɗaya a wata ya isa, kuma ranar da jikinka ya huta.

Masu cewa su gajeru ne su saurara. Spud Webb ƙafa 5 da inci 7 ne, kusan mita 1.70, ya ci gasar danki ta NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1986 a Dallas, ya doke Dominique Wilkins wanda ƙungiya ɗaya suke. Nate Robinson ƙafa 5 da inci 9 ya ci sau uku, 2006 da 2009 da 2010. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, waɗannan Allah ya ba su jijiya ta daban sannan suka ɗora aiki a kai. In giɓinka 15 zuwa 25 ne kana kuma da ƙuruciya, da yardar Allah abin mai yiwuwa ne. In ya kai 45 tafiyar da nisa, ka shiga don ƙarfin jiki da gyaran wasanka, in dankin ya zo falillahil hamdu.

Yanzu mataki na uku, wanda kowa ke tsallakewa, kuma shi ya fi ci mani rai: koyon sauka. Wata guda na farko kada ka nemi tsayi ko kaɗan. Hau kan dakali ko matakala mai tsawon kamar santimita 30, ka sauko da ƙafa biyu, gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa sannan dunduniya ta biyo, ƙugu ya koma baya kamar za ka zauna a kujera, gwiwoyi su kalli inda yatsun ƙafa suke kallo, kada su karkato ciki su nemi haɗuwa. Ka saurari ƙarar saukarka. In ana jin tim, gwiwa ce ta sha dukan, so ake ka sauka shiru irin na kyanwa. Ka tsaya cak daƙiƙa biyu kafin ka miƙe. In ka iya da ƙafa biyu sai ka koma ƙafa ɗaya. A nan mu 'yan Arewa muna da gadon da ba mu san darajarshi ba, wato langa. Yaron da ya tashi yana langa a dandali da farin wata, ƙafa ɗaya a hannu yana tsalle yana ture abokin karawa, ya riga ya gina idon sawu da daidaiton da turawa ke biyan kuɗi a jim, wato gidan motsa jiki, su koya. Ni har yau ina sa yara su yi minti biyar na langa a kan yashi kafin mu fara, suna dariya suna cewa "Yaya wannan ai wasan ƙauye ne", amma ina ganin bambancin saukarsu da na waɗanda ba su yi.

Maganar fili kuma, su 'yan NBA can a kan katako mai ɗan laushi suke wasa, mu siminti ne tsurarshi. Don haka duk tsallen horo ka kai shi kan ƙasa ko ciyawar filin ƙwallon ƙafa ko yashi mai ɗan tauri, simintin ka bar shi sai ranar gwajin danki. Takalmi in gwanjo za ka saya, kuma mafi yawanmu shi muke saya, ka danna dunduniyar da babban yatsa ka ji ko katifar cikin ta mutu, ka murɗa shi ka ga ko ƙasan zai ɓare. Kyan sama ba ya hana targaɗe.

Mataki na huɗu ƙarfi. Tsalle ba komai ba ne illa yawan ƙarfin da ka tura ƙasa da shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, a raba da nauyin jikinka. Sau biyu a sati, tsakaninsu a samu kwana biyu ko uku. Uwar aikin ita ce sikwat, tsuguno da nauyi a kafaɗa har cinya ta kwanta daidai da ƙasa ko ta ɗan wuce, sau 5 a jere, ka huta minti uku, ka maimaita zagaye 4. Masu horarwa da yawa na sa wa ɗan wasa burin ya ɗaga ninki ɗaya da rabi na nauyin jikinshi, wato mai kilo 70 ya kai kilo 105, amma wannan a hankali ake zuwa, kilo biyu ko biyu da rabi a sati, kuma da wanda ya iya a tsaye bayanka. In ba ka da kuɗin jim ba uzuri ba ne. Jarkar mai ta lita 25 in ka cika ta da ruwa kilo 25 ce, ka rungume ta a ƙirji, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan benci ta baya, ka tsuguna da ɗayar sau 8, wallahi kafin ka gama zagaye na uku za ka ji cinyarka na rawa. Ni da jarka na yi wata shida na farko. Ka ƙara da ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a miƙe don bayan cinya da mazaunai, don su ne injin tsalle ba gaban cinya kaɗai ba, sannan ɗage a bakin matakala da ƙafa ɗaya sau 15 don sha-raɓa da jijiyar agara. Irin ƙarfen nan na gwangwani da siminti da ake haɗawa a lungu yana yi, amma ka auna gefe da gefe a sikelin 'yan hatsi tukuna, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Bayan wata biyu ko uku kana wannan sai tsallen horo ya shigo, shi ma sau biyu a sati. Dokarshi ɗaya, kaɗan amma da dukkan ƙarfi. Tsalle 20 zuwa 30 masu kyau a rana sun fi 200 na gajiya, don in ka gaji jikinka na koyon tsallen gajiya ne. Gudun mita 20 zuwa 30 kamar kare ya biyo ka, sau 6, ka dawo da tafiya. Dogon tsalle daga tsaye sau uku a jere. Tsallake ƙananan shinge. Can daga baya, in ƙarfinka ya kai kuma gwiwa lafiya lau, sai ka shigo da wanda wani kocin tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Yuri Verkhoshansky, ya shahara da shi: ka sako kanka daga kan akwati mai santimita 30 zuwa 45, ƙafarka na taɓa ƙasa ka tashi sama nan take kamar ka taka garwashi. Yana aiki sosai amma yana cin jijiya, sati huɗu ka yi ka ajiye shi.

To sai tahowar kanta, a nan ne mutum ke tsintar santimita 5 ko fiye kyauta ba tare da ya ƙara ƙarfi ba. Masu tsalle iri biyu ne. Akwai mai tashi da ƙafa ɗaya, yawanci siriri mai gudu, kamar yadda Michael Jordan ya taso daga layin bugun fanareti a Shikago a 1988. Akwai mai tashi da ƙafa biyu, yawanci kakkaura mai ƙarfi, irin su Dominique ko Aaron Gordon. Gwada duka biyun da alli, wanda ya fi ba ka tsayi shi ne naka. In na ƙafa biyu ne, ka fara a hankali kana ƙara sauri, taku uku ko huɗu sun isa, takun kusa da na ƙarshe ya zama dogo ƙugunka ya yi ƙasa hannuwa duka biyu su wulla baya, na ƙarshen kuma gajere mai sauri, ƙafar ta ɗan karkace ta tokare ƙasa kamar birki, gudun nan da ka kwaso sai ya juye ya koma sama, hannuwa su tashi da ƙarfi tare da kai. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙananan takun shakka dab da zobe, tak-tak-tak, duk gudun ya zube. Na biyu sunkuyar da kai, ƙirji ya faɗi gaba, sai tsallen ya tafi tsawo maimakon sama. Ka ba abokinka waya ya ɗauke ka ta gefe a bidiyo mai tafiyar hawainiya, abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Wani dattijon koci da ya taɓa kallona ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kai gudu kake kamar za ka je wani wuri, alhali wurin da za ka je yana saman kanka." Daga ranar na gyara takun nan biyu.

Ƙwallo ita ce ta ƙarshen shigowa. Fara da ƙwallon tanis, in kana cusa ta daga sama sau 8 cikin 10 sai ka koma ta raga, daga nan lamba 6 ta mata, sannan lamba 7 ta maza mai kewayen kusan santimita 75. A nan gajeren zoben unguwa ke da rana, a kanshi za ka koyi lokacin sakin ƙwallo da yadda ake karya wuyan hannu, sau ɗaya a sati. Ba dole sai tafin hannunka na iya damƙe ƙwallo ba, kana iya tallabe ta tsakanin tafi da tsintsiyar hannu. Kuma mafi yawan mutane dankinsu na farko da jefi ne, ka wulla ƙwallon sama ta daki ƙasa ta taso kusa da zobe, ko aboki ya ɗaga maka, kai ka taho hannu sake da cikakken lilo ka same ta a can. Nawa haka ya zo, wata Asabar da safe bayan na yi kwana huɗu ban ɗaga nauyi ba, mu uku ne kawai a filin, na ji wuyan hannuna ya daki zoben ƙwallon ta faɗo ta buge ni a kafaɗa, sai da na tsaya na kalli sama na tabbatar ta ciki ta bi. Lokacin hunturu ka zo da tsumma mai ɗan danshi, ƙura na sa ƙwallo da ƙasan takalmi santsi, kuma kada ka shafa basilin a hannu kafin wasa, ka bari sai dare in yatsu sun tsage. Ka duba zoben walda ko akwai kaifi ko ƙugiyar raga da za ta yanke maka yatsa, in da zobe a hannunka ka cire. Kada ka yi lilo a jiki. Na NBA akwai sifirin da ke sa shi ya sunkuya ya dawo, an koma irinshi ne bayan Darryl Dawkins ya farfasa allon gilashi biyu a 1979, namu kuwa in ya gaji da kai da shi da allon da ƙarfen za ku zo ƙasa.

Gwiwa. In ka fara jin ciwo daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, musamman in ka daɗe a zaune a Keke Napep ko za ka sauko matakala ko tashi daga sujada, jijiyar nan ce da ke haɗa ƙoƙo da ƙwauri ta fara ƙorafi. Ni na yi taurin kai na ci gaba da tsalle a kai, ta kwantar da ni wata biyar. Abin da ya taimake ni shi ne rage tsalle sosai, da jingina baya a bango a zauna kamar kan kujerar da babu, daƙiƙa 45, sau 5, kusan kullum, sannan sikwat a hankali ƙwarai. In ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ka ji ƙas lokacin sauka, asibiti za ka je wurin likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi. Yara 'yan 12 zuwa 15 da ƙashinsu ke kan girma, in ƙullutu ya fito a saman ƙwauri yana ciwo a sassauta masu. Kuma dan Allah, dan Annabi, kada wani ya ba ka tiramol ko wata ƙwaya wai don ka daina jin ciwo ka yi tsalle. Ciwon yana nan, kunnenka kawai aka toshe, ga kuma bala'in da ke biyo baya wanda duk mun gani a unguwanninmu.

Abinci ba sai na gwangwani mai tsada ba. Ƙwai, wake, awara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kifi, fura da nono mai kyau, zogale, a kowane cin abinci a samu ɗaya daga ciki. Barci awa 8, wanda na san shi ya fi wuya saboda waya da hira a majalisa. A bazara, Maris zuwa Mayu, horo bayan asuba ko bayan la'asar sosai, da ruwa a gora. Da azumi ni rage komai nake zuwa rabi in maida shi bayan tarawi, ba na neman ƙari a watan, riƙe abin da ke hannu kawai.

Wanda ya fara danki zai so ya san gidan da ya shiga. Akwai lokacin da aka haramta shi a wasannin jami'o'in Amurka, daga 1967 zuwa 1976, mutane na danganta dokar da Lew Alcindor wanda ya zama Kareem Abdul-Jabbar. A 1976 ɗin ne Julius Erving ya taso daga layin fanareti a gasar danki ta ABA, tsohuwar kishiyar NBA, a Denver, NBA kuma ta fara tata ta lokacin All-Star, wato bikin wasan taurarinta, a 1984. Ka nemi bidiyon Vince Carter na 2000 inda ya zura hannu har gwiwar hannu cikin zobe, da wanda ya tsallake Frederic Weis na Faransa mai mita 2.18 a tsakiyar wasa a Olamfik ɗin Sidni a shekarar, da karon Zach LaVine da Aaron Gordon a Toronto a 2016. Hamidou Diallo, ɗan asalin Gini, ya tsallake Shaquille O'Neal ya ci ta 2019. McClung mai mita 1.88 ya ci uku a jere, 2023 zuwa 2025. Mata ma na yi, Lisa Leslie ce ta fara a WNBA, wato NBA ta mata, a 2002. Akwai kuma waɗanda ba su buga NBA ba, danki kaɗai ne sana'arsu, suna yawon gasa ƙasa-ƙasa har da wadda FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ke haɗawa a wasannin 'yan uku-uku, irin su Jordan Kilganon na Kanada da ya yi danki da wandon jins a filin All-Star na 2016 taurarin NBA suka miƙe tsaye, da Kadour Ziani, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya. Su nake so yaranmu su fi kallo don tsawonsu irin namu ne. Kuma abin bai yi mana nisa ba, Masai Ujiri da ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofi a 2019 a Zariya ya tashi, Hakeem Olajuwon kuma gola ne a Legas kafin ya taɓa ƙwallon kwando.

In za ku haɗa taku gasar a nan, ko a hutun sallah ne, ga yadda za ta yi kyau. Alƙalai 5, kowa na ɗaga maki har 10, cikakke 50. Ku auna zoben a gaban kowa ku faɗi lambar, in 2.90 ne a ce 2.90 ne, ba abin kunya ba ne, ku ma raba aji biyu, na gajeren zobe da na cikakke. Kowa gwaji uku a danki ɗaya don kada a kwana ana jira. A share filin tas, a matsar da 'yan kallo daga ƙarƙashin allo, a naɗe ƙarfen da ke riƙe da allon da tsohuwar katifa. Tsallake mutum ko babur kuwa a hana duk wanda bai nuna ya iya dankin hannu biyu cikin sauƙi sau uku a jere ba, wanda za a tsallake kuma ya zama babba da ya yarda da bakinshi, ya juya baya ya sunkuyar da kai, ba ƙanen wani da aka jawo daga cikin 'yan kallo ba.